Shekarar da Ummanku Ta Miƙa Ashana

Amina, Abba, Safiya, saboda ku nake rubuta wannan babin. Ranar sallar da ta wuce ina kwance a ɗaki ina yi kamar barci nake, sai na ji Abba a tsakar gida yana gaya wa ƙanwarsa cewa wai Umma ce ta sa aka sare itatuwan Kaka, lokacin da Baba yake Doha yana kallon ƙwallo. Na san inda ya tsinto zancen, domin kuna da gwaggonni biyu waɗanda ko an ɗaure musu baki da igiya za su yi magana ta hanci. To, ku zauna ku ji daga bakin mai abin. Na san kuna cewa Baba in ya ga kaza sai ya dawo gida da labarin jimina. Gaskiya ne, kuma ban yi niyyar dainawa ba. Amma a wannan labarin, inda na ƙara gishiri za ku gane, inda ban ƙara ba ma za ku gane.

Kakanku Malam Idi ne ya dasa dajin da ke bayan gidanmu, a gefen tudu, can saman Mambila. Itacen turare ne, wanda mu a can muke ce wa kaliptus. Ya ɗauko 'yan tsirrai a kwando, ya bi tudun nan yana dasawa, mutane suna yi masa dariya wai ya bar masara ya koma noman sanda. Sandar nan ita ta yi mana rufin kwano, ita ta kai ni makarantar koyon sana'a, ita ta aurar da gwaggonninku masu dogon baki. A garinmu arzikin mutum ɗayan biyu ne, ko saniya ko itace. Mai saniya ya sayar da nono da man shanu da bijimi, mai itace ya loda katako a babbar mota ta gangara ta hanyar nan mai murɗe-murɗe zuwa Jalingo da Yola. To amma ga inda rigimar take: mai saniya yana son wuta, mai itace kuwa ko hayaƙin taba ya gani sai ya ruga neman ruwa. Idan damina ta ɗauke ciyawa ta bushe, makiyayi dole ya ƙone tudu, domin sabon toho ya fito shanu su ci, kaska kuma ta mutu. Shi kuwa kaliptus ganyensa mai ne zalla. In wuta ta taɓa shi ba ci take yi ba, rawa take yi daga kan wannan itace zuwa kan wancan.

Maƙwabcinmu ta saman tudu shi ne Bappa Hammadu, Bafulatani mai garke, abokin kakanku tun suna samari. Kun san shi, dogon tsohon nan da ba ya dariya sai in ni na faɗi a taɓo. Tun kafin a haife ni an taɓa yin wata gobara a tudun da ke kallon namu, ta cinye dajin wani mutum, aka ce makiyaya ne, makiyaya suka ce mafarautan ɓeraye ne, aka yi ta shari'a har gidaje biyu suka daina gaisawa. Da kakanku da Bappa suka ga haka, sai suka ƙulla wata ƙa'ida tsakaninsu. Kowace shekara, in ciyawa ta fara bushewa, mutanen gidanmu za su share hanya mai faɗi tsakanin itatuwa da makiyaya, a kwashe ciyawa da busasshen ganye har ƙasa ta fito fili. Wannan muke kira sharar wuta. Sa'an nan a zaɓi wata safiya mai raɓa, kafin iska ta tashi, gidajen biyu su fito kowa da ɗanyen reshe na kashe wuta. Mai daji ya ciro ashana daga aljihunsa, a gaban kowa, ya miƙa wa Bappa hannu da hannu. Sai Bappa ya ƙyasta. In wuta ta tsallake ta ci itace, babu mai cewa Bafulatani ya ƙone dajin Bahaushe, domin kowa ya ga hannun da ya ba da ashana.

Da kakanku ya rasu, dajin ya faɗo a rabona na gado, ashana kuma ta dawo aljihuna. Ba zan ɓoye muku ba, ina son wannan safiyar fiye da yadda nake son tuwo da man shanu. Nakan sa babbar riga, in tsaya a kan wani dutse, in yi jawabi. Ina yi wa wuta gargaɗi, ina yi wa iska nasiha, ina kiran shanun Bappa da sunayen da ni na raɗa musu. Bappa ya tsaya da hannu a miƙe har ya gaji, ya ce, ɗan Malam, raɓa tana bushewa. Ko da na samu aiki a Doha, ban taɓa barin ranar ta wuce ni ba. Hutuna na shekara kullum a lokacin nake ɗauka.

Aikina a Doha kuwa, ku riƙe cikinku, ban ruwan ciyawa ne. Ni da na fito daga inda ciyawa take haɗiye saniya da makiyayinta, aka ɗauke ni a jirgin sama aka kai ni hamada in yi renon ciyawa kamar jaririya. Wani kamfani ne mai kula da filayen da 'yan ƙwallo za su yi atisaye, ni kuma ina cikin masu kula da bututu da famfunan feshi. Ciyawar nan ana auna mata zafi, ana yi mata aski, ana hura mata iska. In ta ɗan yi rawaya sai manya su taru a kanta suna magana ƙasa-ƙasa kamar an zo dubiya. Muna haya a unguwar Al-Sadd, ɗaki ɗaya ni da Yohanna, mutumin Filato mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Shi ya raɗa mini Sarkin Ciyawa, har Indiyawan wurin aiki suka ɗauka sunana ke nan na yanka.

Sai korona ta zo. Aka rufe sama aka rufe ƙasa. Ni da Yohanna muka zauna a ɗakin nan har na haddace adadin furfurarsa, shi kuma ya haddace duk labaraina yana gyara mini in na canja. Da lokacin ƙuna ya matso, na ga in na fita ƙasar ba lalle in samu komawa ba, sai na kira ummanku na ce ta hau wurin dutsen nan da ake samun sabis, ta kai wa Bappa waya. Na gaishe shi, na tambayi shanu, sa'an nan na ce bana ya ƙone abinsa kawai, na yafe jawabi. 

"Ɗan Malam," in ji shi, "ashana tana aljihunka."

Na ce Bappa, aljihun yana Doha, mai aljihun ma yana Doha. Ga muryata, na ba ka izini, Allah shaida.

"Allah shaida ne. Amma in wuta ta ci itace, ba Allah za a kira gaban mai gari ba, mutane za a kira. Wa zai ce ya ga hannunka?"

Na yi dariya, na ce to a bari sai baɗi. A raina ma har na ji daɗi, na ce shekarar da ba a kunna wuta ba ai babu gobara. Baɗi ta zo, aiki ya ninka saboda gasar cin kofin duniya ta matso, ga killacewa in ka tafi ga killacewa in ka dawo, kafil kuma, wato ubangidan da ya ɗauke mu aiki, ya ce wanda ya tafi ya tafi ke nan. Bappa bai ƙone tudu ba. Ya riƙa kora shanunsa nesa, wajen wani ɗan'uwansa, yana tsoho yana bin tudu da sanda. Bai taɓa kira ya yi mini ƙorafi ba. Ummanku ce take gaya mini cewa shanun sun rame, kaska ta yi musu yawa, matan gidansa sun rage zuwa kasuwa da nono.

A shekarar gasar, ana saura kaɗan a fara, Doha ta cika ta batse. Tutoci har a jikin motar shara, kowane yare na duniya yana yawo a titin Al-Sadd da gajeren wando. Mu kuwa an ce ko mutuwa mutum zai yi ya jira a ɗaga kofi. Ina wurin cin abincin rana sai ga kiran ummanku na bidiyo, abin da ba ta cika yi ba saboda wahalar hawan dutsen. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta juya wayar ta nuna mini tudu. 'Ya'yana, ban gane wurin ba. Ciyawar damina uku ta hau kan juna, ta ƙasa ta kwanta ta zama katifa, ta sama ta fi Bappa tsawo, kuma ta zo har gindin itatuwa ta rungume su. A bayan itatuwan kuma gidanmu ne, da gidajen unguwa gaba ɗaya.

"Baban Amina, ka ga abin da kake cewa babu gobara," ta ce. "Jiya yaran unguwar ƙasa sun kunna wa ɓera wuta a bakin rafi, da ƙyar aka kashe. In ta hau nan da rana tsaka, ba itace kaɗai za ta ci ba."

Na fara abin da na iya, wato zolaya. Na ce ta ɗaure ciyawar ta aiko mini Doha, a nan sai an saka ni a jarida. Ba ta yi dariya ba. Ummanku tana da wata irin rashin dariya da ta fi tsawa. Ta ce ta zagaya wurin da Bappa, kuma sharar da muka saba ba za ta tare wutar bana ba, domin harshenta zai kai rassan sama. Sai an sare layukan itatuwa na bakin iyaka an faɗaɗa hanyar. Layukan bakin iyaka kuwa su ne na farko da kakanku ya dasa da hannunsa, manya-manya, waɗanda ko da muka matsu ban taɓa yarda a sa musu gatari ba. Ta ce kuma ko an sare, Bappa yana nan a kan bakansa: sai mai daji ya miƙa.

Ranar na koma ɗaki ina ta lissafin dabara. Na ce zan aika ashana ta hannun wata ma'aikaciyar jinya 'yar cocin su Yohanna da za ta je gida. Na ce zan ɗauki hoton hannuna riƙe da ashana a buga shi babba a kafa a kan dutse. Na ce zan gaya wa shugabanmu cewa kakata ta rasu, Yohanna ya tuna mini cewa na riga na kashe ta sau biyu. Daga ƙarshe na ce khalas, shi ke nan, zan ajiye aikin in tafi. Yohanna yana gyara wata fanka a ƙasa, bai ko ɗago kai ba.

"Sarkin Ciyawa, ka tafi mana. Ka miƙa ashana, ka yi jawabi, sai ku zauna ku ci jawabin da yara har shekara ta zagayo." Ya ɗaure wata ƙusa, sa'an nan ya ce, "Tsohon nan cewa ya yi sai mai daji, ko cewa ya yi sai Garba?"

Na ce ai duk ɗaya ne, ni ne Garba, ni ne mai daji.

"A'a. Wa yake share dajin nan tun da ka zo nan? Wa yake korar awaki, wa yake rigima da masu satar sanda? Kai dai mai babbar riga ne."

Na ji haushinsa ƙwarai, har na ƙi cin shinkafar da ya dafa, na ci rabi kawai. Ku gane, abin da yake nufi ba wasa ba ne. Bappa ba zai karɓi aron hannu ba. In ummanku za ta miƙa, to sai dajin ya zama nata na gaske, kyauta a gaban shaidu, ba a dawowa. Gadon ubana ke nan, abin da nake bugun ƙirji da shi a Doha in ana zancen wa ya bar me a gida. Na san abin da dangi za su ce. Na san kuma safiyar nan tawa, da dutsena da jawabina, ta tafi ke nan. Na kwana biyu ina juya abin, ina ban ruwa ina kallon ciyawar mutane tana shan gata, tawa kuma tana jiran ɗan ɓera ɗaya ya ƙone unguwa da ku a ciki. Da na kai nan a tunani, sai na ga ashe ba wani dogon lissafi ba ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ummanku ta hau dutsen sabis da mai gari da liman da Bappa, da gwaggonninku biyu waɗanda ba a gayyata ba. Ni ina tsaye a bakin wani shago a Al-Sadd, Yohanna yana riƙe mini waya. Na shirya jawabi mai tsawo, da tarihin daji tun daga kwandon kakanku. Da na ga fuskokinsu a 'yar wayar nan, duk ya gudu. Abin da na iya faɗa shi ne, ku shaida na ba Hauwa dajin nan kyauta, daga bakin rafi har iyakar Bappa, ita ce mai shi daga yau. Liman ya sa na maimaita. Mai gari ya tambayi ummanku ko ta karɓa, ta ce ta karɓa. Gwaggo Lami ta fara wata magana a kan gadon uba, mai gari ya ce wanda aka bai wa gado shi ya bayar. Sai Bappa ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika wayar.

"Ɗan Malam, yau ka yi gajeren jawabi," ya ce. "Ya fi kyau."

Ummanku ba ta ɓata lokaci ba. Ta kira masu injin yankan katako, suka kwantar da layukan bakin iyaka. Abba, wannan ne ka gani kana ƙarami, ka ga itatuwan Kaka suna faɗuwa, ka ga Umma tsaye tana nuna na gaba. Abin da ba ka gani ba, ta kira ni kafin a sa wa na farko inji, ta ce in ba na son gani ta kashe wayar. Na ce ta bari. Da babban nan na kusurwa ya faɗi, wanda kakanku yake jingina da shi yana cin goro, ƙarar ta zo har Doha. Na gaya wa abokan aiki cewa feshin famfo ne ya shigar mini ido, alhali famfon a kashe yake. Katakon kuma ba sayarwa ta yi ta ci ba, kamar yadda aka gaya muku. Da shi aka biya masu shara, domin aikin bana ya fi ƙarfin gida ɗaya, ragowar kuma shi ne rufin ɗakin da kuke kwana a ciki.

Safiyar ƙuna ta faɗo ana tsakiyar gasa. Mu a Doha rana ta riga ta ɗaga, ina bakin fili ina jiran a ba ni alama in buɗe ruwa kafin 'yan wasa su fito atisaye. Amina, ke kika riƙe waya a kan dutse, rabin abin da na gani sama ce da hazo. Amma na ga abin da ya kamata in gani. Unguwa gaba ɗaya ta fito, da mutanen Bappa, kowa da ɗanyen reshe, sun yi layi a bakin shara. Ummanku ta fito da zanen aikinta, ba ta hau dutse ba, ba ta yi wa iska nasiha ba. Ta kwance bakin zane ta ciro ashanar girki, ta miƙa da hannu biyu. Ta ce, Bappa, bismilla. Shi ke nan jawabinta.

Wutar da ta tashi, in na ce ta kai sama ta bakwai za ku ce Baba ya fara. To ku tambayi Amina. Ta yi ruri kamar manyan motoci suna hawan tudu, ta taho da gudu har bakin shara, ta miƙa harshe tana neman reshe, ba ta samu ba. Inda tsofaffin layukan suke a da, nan harshenta ya riƙa lasa. Tartsatsi ya tsallaka wuri biyu, mutane suka rufe shi da rassa. Shugabanmu yana ta yi mini ihu daga nesa, yalla Garba, maza, buɗe ruwa. Na buɗe. Ina tsaye famfuna suna feshi a kan ciyawar hamada, ina kallon tawa tana ci a tafin hannuna, har wutar ta juya ta hau tudu ta bar mana itatuwanmu. Na ce itatuwanmu, a'a, itatuwan ummanku.

Bayan an ɗaga kofi an share gari, na ƙarasa kwantiragina na dawo gida, daidai lokacin ƙunar shekara mai zuwa. Na tarar da shanun Bappa sun murmure har suna yi mini kallon raini. Kututturan layin Kaka kuma duk sun yi toho, kowanne ya fito da 'ya'ya huɗu biyar sun fi ni tsawo, domin shi kaliptus sara ba ya kashe shi. Da safiyar ta zo, jiki ya riga hankali: na sa babbar riga, na jefa ashana a aljihu, na nufi dutsena. Bappa ya taho, ya kama hannuna ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi Larabawa, ya tambayi Yohanna. Sa'an nan ya saki hannuna, ya zagaye ni kamar an kafa turke, ya je gaban ummanku ya miƙa hannu.

Ummanku ta laluba bakin zane, ta laluba ɗaya gefen. Ashe ta bar ashanar a kan murhu. Ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa, ni da babbar rigata.

"Baban Amina, ara mini ashana."

Na ciro na ba ta, ta miƙa wa Bappa, ya ƙyasta. Sai ta tsinko wani ɗanyen reshe ta danƙa mini, ta ce in je can ƙasa wajen rafi in tsaya kusa da Safiya, kuma in naɗe rigar nan kada ta kama. Na je na tsaya. A nan nake tsayawa har yau, kuma Safiya za ta gaya muku cewa jawabina yana nan, ita da awaki suke saurara.

Saboda haka, Abba, in gwaggonninka suka sake tayar da zancen, ka gaya musu Umma ba ta sare dajin Baba ba, nata ta gyara. Ashanata dai da ta ara, har yanzu ba ta mayar ba.